Yatsan Ustaz Shukri

Girgis ne ya fara kawo ƙara. Mun tashi daga gwajin ranar Talata, ina kokawa da ƙaton gogena a kan matakalar bene, ga shi ya fi ni tsawo, sai ya sha gabana da 'yar algaitarsa a hammata.

"Ramzi, tsakaninka da Allah, kai ma ka ji, ko kunnena ne ya fara mutuwa?"

Na ce, "Me zan ji? Ni da nake can ƙurya, ban da gurnanin kaina babu abin da ke iso ni."

"Ka ji maƙaryaci! Har yamutsa fuska ka yi, ina kallonka."

Na ji mana. Duk mai kunne a zauren nan ya ji. Furtawa ce dai ta gagari kowa.

Mu kusan hamsin ne a ƙungiyar, kuma babu wanda kiɗa ke ciyar da shi. Ni kantin magani gare ni, Girgis ma'aikacin kwastan ne, akwai malaman makaranta, akwai matuƙin jirgin fito, mai buga mana tambura kuwa likitan haƙori ne, shi ya sa ba ya jin tausayin fata. Duk Talata bayan la'asar muna haɗuwa a benen tsohon kulob ɗin ma'aikatan tashar jirgin ruwa, mu kaɗa kiɗan Turawan da suka mutu tun kafin a haƙa mashigin ruwanmu. Sau biyu a shekara mutanen garinmu, Bur Sa'id, su ci ado su zo su saurare mu, yawancinsu danginmu ne, ba su da yadda za su yi.

Mutum biyu ke jan ragamarmu. Dakta Nariman ce mai sanda, ita ke tsayawa a gaba tana ba mu hannu. Ta yi karatun kiɗa a ƙasar waje, ta dawo tana koyarwa a kwaleji, in kuwa ta ɗaga gira ɗaya ko likitan haƙori sai ya shiga taitayinsa. Sai Ustaz Shukri, mai kujerar farko a layin masu goge, dab da hannunta na hagu. Shi ya kafa ƙungiyar tun ina da baƙin gashi. Shi ya ɗora wa Nariman goge a kafaɗa tana 'yar firamare, kamar yadda ya ɗora wa rabin waɗanda ke zaune a bayansa. Yanzu ya haura saba'in, amma in ta yi magana sai ka ji ya ce, "An gama, Mayistiro," wato shugabar makaɗa, har da ɗan rusunawa, ita kuma ta rasa inda za ta sa idonta.

Kiɗan da muke shiryawa na wani tsohon Bature ne, a tsakiyarsa akwai wani sashe mai tafiya a hankali, mai ratsa jiki. Goge ɗaya ke fara rera shi, wato mai kujerar farko, sannan sauran goge duka su karɓa tare da algaitar Girgis. Waƙar takan zo ta huta a kan sauti guda, ta tafi yawonta, ta sake dawowa kansa. To, a kan wannan sautin ne yatsan Ustaz ke zamewa ƙasa kaɗan, bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba, ya faɗa sika. Sika kuwa ko yaron goye a garin nan ya san ta, da ita ladan ke kiran salla, da ita ake kai amarya. Amma Bature bai rubuta ta ba, piyano ma ba ta da ita, tana can cikin tsagar da ke tsakanin farin haƙori da baƙi. Ustaz ya daɗe yana yi wa mawaƙa kiɗa a gidajen biki kafin ya kama koyarwa. In kiɗa na gudu, yatsansa na nan daram inda takarda ta ce. Sai daɗi ya kama shi ya lumshe ido, nan da nan yatsan ya tafi gida.

Da shi kaɗai ne, da da sauƙi. Abin dariyar shi ne in sauran sun karɓa sai su bi shi. Babu wanda ya ce a yi. Amma wa zai zauna a bayan malaminsa ya danna sautin da zai ƙaryata shi a bainar jama'a? Na kusa da shi ya ɗan sassauta yatsa, na bayansa ya ji ya sassauta nasa, har layin ƙarshe, kowa yana sika cikin ladabi da biyayya. Girgis kaɗai ke busa abin da ke rubuce, saboda haka shi ke fitowa kamar mai kuskure. Har wata ta tambaye shi ko bakin algaitarsa ne ya tsage.

Madam Insaf, shugabar kwamitinmu, tsohuwar shugabar makaranta ce, goge ma da tsawa take kaɗa shi. Ta tara mu a wajen mai shayin da ke ƙasan kulob, ni da Nariman da Girgis.

Ta ce, "Maganar gajeriya ce. Ko a gyara yatsa, ko a gyara zama. Ga Injiniya Hazim nan a gefensa, hannunsa tsaf. Ustaz ya koma layin baya ya huta, mu yi masa walima, mu yi jawabai, kowa ya yi kuka, shi ke nan."

Nariman tana ta juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Ta ce, "Madam, in aka ɗaga shi daga kujerar nan ba layin baya zai koma ba, gida zai koma. Kuma ba za mu ƙara ganinsa ba."

"To ki gaya masa ya gyara."

"Ni? Da wane bakin? Shi fa ya nuna mini inda sautin yake."

Girgis ya ce, "To ni ku sallame ni, in je in riƙa busa wa jiragen ruwa. Su ko ba komai ba sa harara ta."

Sai na ga idanu sun taru a kaina.

"A'a, me na yi muku?"

Madam Insaf ta ce, "Kai ne sa'ansa."

"Sa'ansa? Mutumin da ya ba ni shekara goma?"

"Kai ka saba ba mutane abu mai ɗaci su kuma yi maka godiya. Ranar Juma'a ka je."

Ranar Juma'a na hau jirgin fito na tsallaka Bur Fu'ad, inda gidan Ustaz yake, da farantin basbusa, kek ɗinmu mai zaƙi, a hannu, ina bitar maganata kamar mai zuwa neman aure. Na tarar matarsa, Sitt Zakiyya, ta gasa kifi, ga shinkafa ta sha albasa har ta yi ja, ga jatan lande. Mutanenmu na cewa ka ciyar da baki, ido ya ji kunya, to nawa idon tun a kifin farko ya sunkuya. Da muka koma baranda ana shan shayi, na gyara murya zan fara, sai ya ce, "Tsaya ka ji yadda nake so in shigo da wurin nan." Ya ɗauko goge, ya lumshe ido, ya ja. Da ya iso sautin ya kwanta a kan sikarsa, tsigar jikina ta tashi, daga madafa Sitt Zakiyya ta ce, "Allah!"

Ya buɗe ido. "Yaya ka ji?"

Na ce, "Allah ya ƙara wa hannun nan albarka, Ustaz."

Na dawo da saƙona yadda na tafi da shi, da ƙarin kwalbar lemon tsami jiƙaƙƙe da aka ba ni in kai wa iyali. Madam Insaf ta dube ni sama da ƙasa, ta ce dama ta san an aiki ciki, ba a aiki baki ba.

Talatar da ta biyo, Nariman ta zo da dabara. Da muka iso wurin ta tsayar da mu, ta ce masu goge su yi layin ɗaya bayan ɗaya, a faro daga baya. Nufinta Ustaz ya yi ta jin sautin daidai har kunnensa ya gaya masa abin da bakinmu ya kasa. Aka fara. In mutum shi kaɗai ne, babu malamin da zai ji kunya, sai ya danna inda takarda ta ce. Haka aka yi ta gangarowa, kowa daidai, har Injiniya Hazim. Nan ta dubi agogo ta ce a tashi a sha shayi.

Ustaz ya ce, "Ba ki iso kaina ba, Mayistiro."

"Haba Ustaz, kai ai ba sai..."

"Nariman."

Ban taɓa jin ya kira sunanta a zauren nan ba. Ta sauke sanda. Ya ɗora goge, ya ja, ya lumshe ido, yatsan ya tafi inda ya saba. Da ya buɗe ido ya tarar kowa yana nazarin takalminsa. Tsoho ne, amma ba wawa ba ne.

"Girgis, ba ni sautin."

Girgis ya busa. Ustaz ya ja nasa a kai, sautukan biyu suka yi ta gogayya, kowa yana ji. Ya daɗe yana kallon yatsansa kamar ba a jikinsa yake ba.

"Tun yaushe?"

Madam Insaf ce ta yi ƙarfin hali. "Tun da muka fara wannan kiɗan, Ustaz."

"Ku fa? Yanzu na ji kowa ya yi daidai. In muna tare me kuke yi?"

Injiniya Hazim ya ce ƙasa-ƙasa, "Muna bin ka, Ustaz."

"Kuna bi na." Ya juya ya dube su layi-layi. "Makaho ya faɗa rami, 'yan jagora suka bi shi saboda ladabi! Na ɗauka goge na koya muku, ashe kunya kawai kuka ɗauka. Da na mutu a kujerar nan ma haka za ku yi ta kaɗawa kada ku tashe ni."

Ya goge tsirkiya da ƙyalle yadda ya saba, ya rufe akwati, ya rusuna wa Nariman. "A ba ni izini, Mayistiro." Muna jin takunsa har ƙasan bene.

Talata ta zo, babu shi. Wata ta zo, babu shi. Kujerarsa na nan wayam, don Hazim ya ce ko za a yanka shi ba zai zauna ba, daga inda yake zai yi layin. Sautin kuwa ya zauna daidai, ko Baturen ya tashi daga kabari ba shi da abin cewa. Amma babu mai murna, har Girgis da ya kawo ƙara. Nariman ta daina ɗaga gira, mu kuma muka rasa abin tsoro. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin Madam Insaf, na ji haushin kifin da na ci, na ji haushin Baturen da duk faɗin duniya bai ga wurin hutawa ba sai a kan wannan sautin.

Wata safiya ina jera kwalaben maganin tari, sai ga Ustaz a bakin kanta da hularsa a hannu.

"Ramzi, ba ni filasta. Fara, mai kamawa sosai."

"Subhanallahi, ina ka ji ciwo, Ustaz?"

"A mutunci. Ɗauko almakashi ka yanko mini siririya."

Ina yanka yana magana. Ya ce tun ranar bai ajiye goge ba, har Sitt Zakiyya ta ce gidan ya koma wurin masu tsaga katako. In idonsa a buɗe yake, lafiya lau. Da ya lumshe, yatsan ya ci amanarsa. "Ka san wani abu? Tun ina saurayi rabon da in kalli yatsun nan. Ashe sun tsufa ba su gaya mini ba." Sannan ya dube ni ta saman tabarau. "Kai kuma, basbusar nan ta wannan maganar ce, ko?"

Na ce, "Kifin ne ya yi daɗi da yawa, Ustaz."

"Matsoraci," in ji shi, amma yana murmushi.

Ranar Talata ya shigo ana tsakiyar ɗaure tsirkiya. Ya wuce kai tsaye ya miƙa wa Nariman gogensa da 'yar filastar a kan yatsa. Duk wanda ya taɓa koyon goge ya san abin nan. Shi ake manna wa yara a wuyan goge, don su san inda za su ajiye yatsa.

"Manna mini, Mayistiro. Ke kunnenki bai fara yi miki ƙarya ba."

"Ustaz, don Allah, a gaban mutane?"

"A gabansu na yi kuskuren."

Ta lalubi wurin, ta taɓa tsirkiya ta saurara, ta manna. Ya karɓa ya ɗaga wajen taga ya duba.

"A karkace take. Haka na koya miki?"

Dariya ta ɓarke, har da masu share ido. Ta ɓamɓare ta sake mannawa. Da ya zauna sai ya ɗaga bakan gogensa, aka yi shiru. Ya ce, "Ku zama shaida. In na zame ranar wasa, a ba Hazim kujerar nan, ni na faɗa da bakina. Ku kuma na baya, duk wanda ya sake bi na cikin kuskure ban yafe ba."

Sauran gwaje-gwajen haka ya yi su, ido a buɗe, a kafe kan filasta. Daidai yake yi, sai dai kana ganin wahalar a wuyansa.

Ranar wasa Juma'a ce bayan la'asar. Zaure ya cika, ga surukai, ga jikoki, ga masu ɓarzar 'ya'yan kankana a ɓoye duk da gargaɗin Madam Insaf. Sashen farko ya wuce lafiya, in ban da likitan haƙori da ya shigo da wuri kamar kullum. Sai aka zo wurin. Nariman ta juya hagu ta ba shi hannu. Daga ƙuryata ina hango gefen fuskarsa, gumi na bin kunnensa, idonsa a buɗe tar. Ya hau, ya sauko, ya iso sautin, ya ajiye yatsa a kan filasta. Daidai. Ya tafi ya dawo, daidai. Na ce a raina, to alhamdu lillahi, tsoho ya tsira da kujerarsa.

Sai sauran goge suka karɓa, suka iso sautin, suka kwanta a kan sika gaba ɗayansu.

Har yau Madam Insaf tana rantsuwa ba shiri aka yi ba, kuma na yarda da ita, don ita ma tana ciki. Zaure a cike, tsoho ya gama rera abin nan a gabansu, daɗi ya kama su, su ma yatsunsu suka tafi gida. Ai ba daga Turai aka kawo su ba. Yanzu sai ga Ustaz shi kaɗai a kan filastarsa, daga shi sai Girgis, su biyu masu gaskiya, su ne kuma suka fito kamar masu kuskure. Girar Nariman ta tashi har ta kusa shiga gashinta. Ustaz ya saci kallon baya, na ga haɓarsa ta motsa, na san zagi ne.

Waƙar ta tafi yawonta, kowa ya san za ta dawo. Aikin mai kujerar farko guda ne, ya sa goge duka su zama murya ɗaya, shi ya koya mana haka. Ga kuma maganar da ya yi a gaban shaidu. Ina kallonsa, bakana na tafiya da kansa. Sautin ya matso. Sai na ga ya lumshe ido.

Ya sauko ya same su. Girgis ya dubi rufin zaure kamar mai neman gafara, ya sassauta leɓe, shi ma ya gangaro. Ban taɓa jin ƙungiyar nan ta zama abu ɗaya kamar wannan lokacin ba. Daga tsakiyar jama'a wani dattijo ya ce, "Allah!" da ƙarfi, wasu suka amsa masa, babu wanda ya ce su yi shiru. Girar Nariman ta sauko a hankali. Ta ci gaba da ba da hannu, tana cije leɓe, ban sani ba ko dariya take dannewa ko kuka.

Da aka tashi muka koma ɗakin baya, ana ta rungume-rungume, Sitt Zakiyya na raba basbusa. Ustaz bai karɓa ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da goge a hannu.

"Marasa kunya! Na sha wahala na shiryu, kuka taru kuka lalata ni. Insaf, har da ke?"

Madam Insaf ta ce, "Tsufa ne, Ustaz."

"Girgis, kai da ka kai ƙarata?"

"Ni kaɗai za ku bari a waje? Ina da iyali fa."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya wajen Nariman, ya gyara tsayuwa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Mayistiro, na zame. Kowa ya ji, kuma da gangan na yi. Magana ɗaya ce. A ba Hazim kujera."

Hazim ya fara girgiza kai, Nariman ta ɗaga masa hannu. Ta dubi tsohon nan da ya ɗora mata goge a kafaɗa, idonta ya cika.

Ta ce, "Ustaz, ka rufa mini asiri. Mutanen nan ka ga alamar sandata suke bi? In na mai da kai layin baya, juyawa za su yi gaba ɗaya su ba ni ƙeya."

Ya ciro hankici ya daɗe yana goge tabaransa, alhali babu abin da ya same su. Can ya miƙa wa Sitt Zakiyya hannu ba tare da ya dube ta ba, ya ce a ba shi basbusar, ta gefe, mai ƙonon nan.